Kada a ɓoye wa yaro dare

Yaron da ya ƙi kwanciya bayan isha'i, ya ce ƙishirwa yake ji a ba shi ruwa, ya ce fitsari a raka shi, ya dawo ya ce ƙafarsa ce ke ciwo, galibi sai a ce ya cika rigima. Sau da yawa kuwa tsoro ne ke cinsa, bai kuma san yadda zai faɗe shi ba. A shekarar 2001 Peter Muris na Jami'ar Maastricht da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike inda suka tambayi yara 'yan shekara huɗu zuwa goma sha biyu ko suna jin tsoro da dare, suka kuma tambayi iyayensu daban. Kusan uku cikin huɗu na yaran suka ce suna ji. A ɓangaren iyayen kuwa, kusan ɗaya cikin uku ne kawai ya san da haka. Wannan tazarar da ke tsakanin abin da yaro ke fama da shi a shimfiɗa da abin da babba ya sani ita ce ta sa nake ganin ƙananan littattafan nan masu hotuna, waɗanda ake karanta wa yara kafin barci a kan dare da mafarki, sun cancanci a yi maganarsu da idon basira. Matsayina shi ne: mafi kyawun waɗannan littattafai su ne masu nuna wa yaro duhu yadda yake alhali yana jingine da jikin babba, kuma yaran Hausa suna da haƙƙin samun irinsu cikin harshensu, a zana su daga daren da suka sani.

Mafarki a wurin ƙaramin yaro ba daidai yake da mafarki a wurin babba ba. Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, ya wallafa a 1926 hirarrakin da ya yi da yara a kan yadda suke ganin duniya, ya tarar cewa ƙananan cikinsu suna ɗaukar mafarki abu ne da ke zuwa daga waje, yana aukuwa a cikin ɗaki a gaban idonsu, sai sun ƙara wayo suke gane cewa a cikin kai yake. Saboda haka idan uwa ta ce wa ɗan shekara uku "kwanta, mafarki ne kawai", gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar da bai kai matsayin riƙe ta ba tukuna. Shi ya ga kare a bakin ƙofa, kuma a wurinsa karen ya zo. Daga baya David Foulkes a Amurka ya ɗauki shekaru yana bin wasu yara a ɗakin gwajin barci, yana tashinsu a daidai lokacin da idanu ke motsi da sauri, wato lokacin da manya suka fi yin mafarki. 'Yan shekara uku zuwa biyar ba safai suke ba da labarin komai ba, idan kuma sun bayar sai ya zama gajere, hoto ne tsayayye, sau da yawa na dabba. Sai wajen shekara bakwai ko takwas yaro ke fara ganin kansa yana aikata wani abu a cikin mafarkin da ke da fari da ƙarshe. Abin da na fahimta daga nan shi ne cewa littafi mai hotuna yana samun yaro a daidai inda yake: hoto guda a tsaye, dabba a ciki, kalmomi kaɗan, da wani babba da ke haɗa wannan shafi da na gaba har su zama labari.

A duba wanda ya fi kowanne shahara, Goodnight Moon, na Margaret Wise Brown, wanda Clement Hurd ya zana, aka buga a New York a 1947. Kusan babu labari a cikinsa. Wani ɗan zomo ne kwance a gado a cikin babban ɗaki kore, yana yi wa abubuwan da ke kewaye da shi sai da safe ɗaya bayan ɗaya: balan-balan ja, kujeru, 'yan kyanwa biyu, mataji, kwanon kunu, tsohuwar da ke zaune tana saƙa, wata, taurari, har da iska. Kalmomin ba su kai ɗari biyu ba. Aikin yana cikin zanen. Duk lokacin da aka koma ga hoton ɗakin sai a ga ya ɗan ƙara duhu, wata ya ɗan ƙara hawa a taga, hannun agogo ya ɗan matsa, daga ƙarfe bakwai har ya wuce takwas da minti goma. Akwai wani ɗan ɓera da ke canza wuri a kowane shafi, yara kan nemo shi da yatsa kafin su yarda a juya. A hoton ƙarshe an kashe fitila, tsohuwa ta tashi daga kujera, amma komai na nan inda yake, ana iya hango shi cikin ɗan hasken murhu. Darasin da yaro ke ɗauka ba a rubuta shi ko'ina ba, da ido yake ganinsa: abin da duhu ya rufe bai ɓace ba, bai kuma rikiɗa ya zama wani abu ba.

Ba kowa ya ga darajar wannan da wuri ba. Anne Carroll Moore, wadda ta daɗe tana jagorantar sashen yara a babban ɗakin karatu na birnin New York kuma maganarta ke da nauyi ko bayan ta yi ritaya, ba ta so littafin ba, ɗakin karatun bai saka shi a kantocinsa ba sai 1972. Iyaye da yara ne suka ɗaukaka shi har ya sayu miliyoyi. Suna da hujja, kuma bincike ya zo ya mara musu baya ta wata fuska. A 2015 Jodi Mindell da abokan aikinta sun wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa uwaye sama da dubu goma a ƙasashe fiye da goma, suka ga cewa yaran da ke da tsayayyen tsari kafin kwanciya, kamar wanka, sa kayan barci, labari, sun fi saurin yin barci, sun fi ƙarancin farkawa cikin dare, kuma gwargwadon yawan dararen da aka kiyaye tsarin gwargwadon amfaninsa. Wannan ne ma ya sa yaro ke nacewa a maimaita masa littafi guda har babba ya gaji. Sanin abin da ke shafi na gaba shi ne daɗin, domin wanda zai rufe ido ya saki duniya yana son tabbacin cewa duniyar na tafiya bisa ƙa'ida.

Sai dai lallashi kaɗai bai isa ba, kuma a nan ne nake rabuwa da masu ganin littafin dare dole ya zama mai taushi daga bango zuwa bango. Martin Waddell, marubuci daga Ireland ta Arewa, ya fitar da Can't You Sleep, Little Bear? a 1988 tare da mai zane Barbara Firth. Ɗan beyar ya kasa barci a cikin kogo saboda duhu. Babban beyar ya kawo masa ƙaramar fitila, bai yi barci ba. Ya kawo wadda ta fi ta, bai yi ba. Ya kawo mafi girma ya rataya, kogo ya haskaka, har yanzu ɗan na nuna bakin kogo, inda duhun waje yake. A ƙarshe babban ya kama hannunsa suka fita cikin duhun da yake tsoro, ya ɗauke shi ya nuna masa wata da taurari, a nan barci ya kwashe shi. Marubucin ya gane abin da iyaye da yawa ba su gane ba, cewa ƙara fitila tura duhu take yi zuwa bakin ƙofa, yaro kuwa ya san yana can yana jira. Haka ma The Dark na Lemony Snicket da Jon Klassen, na 2013, inda ƙwan fitilar wani yaro mai suna Laszlo ya mutu, ya sauka da tocila har ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda yake ganin duhu ke zaune, duhun da kansa ya nuna masa inda sababbin ƙwayaye suke. Baƙin tawada ya cinye mafi yawan shafukan, ba a kuma rage shi don a sauƙaƙa wa mai kallo ba.

Suka mafi ƙarfi da ake yi wa irin waɗannan littattafai ita ce cewa su ne ma ke shuka tsoron. Don me za a nuna wa yaro dodanni daf da kwanciya, alhali an san abin da ido ya gani da dare shi ke dawowa a mafarki? Wannan damuwa ba sabuwa ba ce. Lokacin da Maurice Sendak ya fitar da Where the Wild Things Are a 1963, manya da dama sun firgita. Labarin wani yaro ne, Max, da ya yi ta ɓarna sanye da rigar kyarkeci har uwarsa ta tura shi ɗaki ba tare da abincin dare ba. Ɗakin ya tsiro itatuwa ya zama daji, ya hau jirgin ruwa ya isa ƙasar wasu halittu masu ƙaho da fiƙa da farata. Ya zuba musu ido bai ƙifta ba har suka rusuna, suka naɗa shi sarki, aka yi ta tsalle-tsalle a shafuka shida da babu kalma ko ɗaya. Sannan kewar gida ta kama shi, ya juyo, ya tarar da abincinsa a ɗaki da sauran zafinsa. Littafin ya ci lambar Caldecott a 1964, amma a 1969 Bruno Bettelheim, sanannen masanin halayyar yara a lokacin, ya soke shi a wata mujallar mata, yana cewa babu abin da yaro ke tsoro kamar uwa ta yashe shi, kuma tura shi ɗaki da yunwa wannan tsoron yake taɓawa.

Bettelheim ya yi daidai wajen gano tsoron, amma ya kuskure wajen ɗora wa littafin laifi. Yaro bai jira Sendak ba kafin ya san fushin uwa, ko ya san fushin da shi kansa ke ji har ya so ya cinye kowa. Abin da littafin ya ƙara masa shi ne hanyar fita da hanyar dawowa. A lura da yadda hotunan ke farawa ƙanana a tsakiyar farar takarda, suna girma yayin da fushin ke girma har su cika shafi biyu, sannan su sake ƙanƙancewa idan ya huce. Dodannin da ke kan takarda suna da iyaka: ana iya ƙirga haƙoransu, ana iya komawa baya a sake kallonsu, ana iya rufe littafi a kansu. Wanda ke cikin kan yaro shi kaɗai cikin duhu ba shi da iyaka. Likitocin halayya sun daɗe da sanin cewa tsoro na raguwa ne idan aka tunkare shi kaɗan-kaɗan cikin aminci, yana kuma ƙaruwa idan aka yi ta kauce masa. An ma gwada wannan da littafi: a wani ƙaramin bincike da aka wallafa a 2015, iyaye sun karanta wa yara tara masu tsananin tsoron duhu littafin Mary Coffman mai suna Uncle Lightfoot, Flip That Switch na tsawon mako huɗu, suna yin wasannin cikin duhu da littafin ya tsara, takwas daga cikinsu suka samu sauƙi a fili. Yara tara ba su da yawa, amma sakamakon ya tafi daidai da abin da aka sani game da tsoro gaba ɗaya. Inda masu sukar ke da gaskiya shi ne a kan zaɓi. Abin da ɗan shekara biyar zai yi dariya a kansa na iya razana ɗan shekara biyu, kuma babban da ke riƙe da littafin shi ne zai kalli fuskar yaron ya san lokacin rufewa. (Akwai kuma firgitar da ke tashin yaro a farkon dare yana ihu ido buɗe bai san inda yake ba, gari ya waye bai tuna komai ba. Wannan daban take da mugun mafarki, littafi ba ya jawo ta, ba ya kuma maganinta. Idan da zazzaɓi a tare, asibiti za a nufa.)

Abin da nake ƙi shi ne a mai da littafin dare maganin barci. A 2015 wani littafi na Carl-Johan Forssén Ehrlin, ɗan ƙasar Suwidin, The Rabbit Who Wants to Fall Asleep, ya hau saman jerin cinikin Amazon saboda alkawarin da ya yi cewa zai sa yaro barci. An tsara shi da umarni ga mai karatu, inda zai yi hamma, inda zai ja murya, inda zai saka sunan yaron. Ban zargi iyayen da gajiya ta kai su ga sayensa ba. Amma littafin da burinsa shi ne yaro ya yi shiru ya juya wa ainihin amfanin baya, domin a wannan ɗan lokacin ne yaro ke ɗora yatsa a kan hoto ya ce "wannan ma tsoro yake ji?", daga nan babba ya ji abin da bai sani ba. Wayar hannu ta fi wannan muni. Ita ma tana sa yaro shiru, amma shi kaɗai take barinsa da abin da yake kallo, hoton na gudu da saurin da ba shi ya zaɓa ba, wani na biye da wani babu ƙarshe. Ga kuma haske. Masu bincike a Jami'ar Colorado sun nuna a 2018 cewa awa guda ta haske mai ƙarfi kafin kwanciya ta danne kusan kashi tara cikin goma na sinadarin melatonin, mai shirya jiki ga barci, a jikin yara 'yan shekara uku zuwa biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allo, 'yan biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa guda a yini, ta kuma ambaci karatu da ba da labari a matsayin abin da ya fi.

Wani zai ce duk wannan al'adar Turawa ce, mu muna da tatsuniya tun kafin a san takarda. Gaskiya ne, kuma hujja ce a gare ni. Bahaushe ya keɓe wa tatsuniya dare har ya ce wanda ya yi ta da rana zai ɓata. Ya yi mata ƙofar shiga, "ga ta nan, ga ta nanku", ya yi mata ƙofar fita, "ƙurungus", don yaro ya san inda duniyar Gizo da Ƙoƙi ta fara da inda ta tsaya. Bai kuma cire Dodo daga ciki ba. Dodo na haɗiye mutane, yana tsare rijiya, yana auren budurwar da ta raina samari, amma a bakin kaka ake jin sa, cikin 'yan'uwa, kuma a ƙarshe akan sami mai wayon da ya fi shi. Wannan shi ne aikin da Sendak ya yi da alƙalami. A gwada shi da ɗaya Dodon, wanda ake kira idan an gaji da yaro: "yi barci ko in kira Dodo ya kama ka." Wannan ba shi da labari, ba shi da ƙarshe, ba mai kayar da shi, kuma wanda ya kamata ya zama mafaka shi ne ya kira shi. Idan akwai abin da ke shuka tsoron dare a gidajenmu, wannan barazanar ce. Matsalar tatsuniya kuwa ita ce masu yin ta na raguwa. Ma'aurata da yawa a birane suna zaune nesa da kakanni, dandali ya yi sanyi, lokacin da ake yin ta talabijin da waya sun karɓe. Abin da Frank Edgar ya tattara aka buga tsakanin 1911 da 1913, da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, sun adana mana taskar, kamar yadda Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta nuna tun shekarun 1930 cewa hirar dare na iya zama littafi. Amma waɗannan na mai iya karatu ne. Ɗan shekara uku yana buƙatar abin da zai kalla, uwa matashiya da ba ta haddace tatsuniyoyi ba kuma tana buƙatar abin da zai buɗe mata baki.

Ta fuskar addini ma ban ga karo ba. Musulunci ya tsara kwanciya tsari mai kyau: alwala, Ayatul Kursiyyu, karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu a shafe jiki, wannan na ƙarshe kamar yadda Nana A'isha ta ruwaito. Ya kuma koyar da abin da za a yi idan an yi mummunan mafarki, a nemi tsari, a yi tofi ta hagu sau uku, a juya kwanciya. Duk wannan amincewa ce da cewa dare na da nauyi, kuma ana fuskantarsa ne da shiri. Suratu Yusuf ta buɗe ƙissarta da yaro yana gaya wa mahaifinsa mafarkin taurari goma sha ɗaya da rana da wata, mahaifin kuma ya saurara, ya ɗauki maganar da muhimmanci, ya ba shi shawara. Uban da ke son ɗansa ya kawo masa mafarkinsa sai ya saba zama kusa da shi a lokacin da mafarki ke gabatowa. Littafi ya zo da farko, addu'a ta zama ita ce maganar ƙarshe, haka ma a gidajen Kirista da ke da tasu addu'ar kwanciya. Masu ƙyamar hoton abu mai rai su tuna cewa malamai da yawa sun sassauta a kan kayan yara, suna kafa hujja da 'yan tsanar Nana A'isha, wanda kuma bai natsu ba yana iya zaɓar littafin da wata da taurari da bishiyoyi suka cika shi.

Fassara littattafan waje za ta taimaka, amma ba za ta wadatar ba, domin daren da ke cikinsu ba namu ba ne. Kusan dukkansu an gina su ne a kan yaro shi kaɗai a ɗakinsa, an ja masa ƙofa. Yaron Kano ko na Maraɗi galibi a gefen uwarsa yake kwana ko cikin 'yan'uwa, a gidan sauro ɗaya, lokacin zafi ma a tsakar gida a kan tabarma. Tsoronsa na wani wuri: ratsa tsakar gida zuwa makewayi, ɗaukewar wuta ana tsakiyar cin tuwo, inuwar rigar da aka rataya a ƙusa, motsin ɓera a rufi, haushin karnuka daga nesa. Owl Babies na Waddell, inda 'ya'yan mujiya uku suka farka ba su ga uwarsu ba suka zauna a reshe suna jiranta, littafi ne mai daɗi a Ingila, amma a gidan da ake jin kukan mujiya a yi ta neman tsari, wani abu daban zai faɗa. Mu kuma muna da abin zanawa da ba su da shi. Muna da farin wata da wasan da ake yi a ƙarƙashinsa, da Zara matar wata, da Kaza da 'Ya'yanta, da Gamzaki mai fitowa gabanin asuba. Muna da fitilar mai shayi a bakin titi, da masu tashe a watan azumi, da mai kiɗan sahur, da ladan da muryarsa ke shaida cewa dare ya kusa ƙarewa. Lupita Nyong'o, 'yar Kenya, ta nuna a Sulwe na 2019 yadda za a ɗauki dare a yi wa yarinya baƙa magana a kan kyawun launinta, ta hanyar tatsuniyar Dare da Rana a matsayin 'yan'uwa mata biyu. A ƙasar da man bilicin ke cin kasuwa, wannan ba ƙaramin saƙo ba ne.

Akwai wata suka da ta fi duk waɗannan ciwo. Bahaushe ya ce dare mahutar bawa, ya kuma ce dare rigar mugu, kuma a ƙauyuka da dama na Zamfara da Katsina da Sakkwato karin magana na biyu ne yara suka sani a aikace. Yaron da ya taɓa kwana a daji saboda ƙarar babura, me littafi zai ce masa? Ba zai ce masa babu komai a cikin duhu ba, don ƙarya ce kuma ya sani. Tsaro aikin hukuma ne, takarda ba ta maye gurbinsa. Amma wannan yaron ya fi kowa buƙatar a raba masa tsoro gida biyu, na abin da manya ke tsaye a kansa da na inuwar riga, ya kuma fi kowa buƙatar minti goma da babba zai zauna da shi a kan abu mai farko da ƙarshe. Littafin da ya dace da shi shi ne mai nuna masa su wa ke farke yayin da yake barci.

Saura batun kuɗi da wuta da iya karatu, kuma ba na raina shi a lokacin da kwanon masara ke gagarar magidanci. Wuta ita ce mafi sauƙi, ƙaramar fitilar sola ko tocila ta isa, hasken da bai cika ƙarfi ba ma shi ya fi dacewa da lokacin. Rashin karatun boko ba shinge ba ne kamar yadda ake zato. Good Night, Gorilla na Peggy Rathmann, na 1994, kusan babu rubutu a cikinsa: goggon biri ya zare makullai daga ƙugun mai gadin gidan namun daji, ya bi bayansa yana buɗe keji ɗaya bayan ɗaya, dabbobin suka bi shi har ɗakin kwanansa, sai ga shafi baƙi ƙirin babu komai sai idanun matarsa biyu a buɗe. Kowace kaka za ta iya ba da wannan labari, ta ma fi marubuciyar iya ƙawata shi. Inda kuma ake son rubutu, babu abin da ya hana a buga boko da ajami a shafi guda. Game da tsada, wasu ƙasashe sun bi ta asibiti: shirin Reach Out and Read ya fara a Boston a 1989, likitoci na miƙa wa iyaye littafi idan sun kawo yaro awo, Bookstart kuma ya fara a Birmingham a 1992 da jarirai 300. Uwayenmu na kai yara rigakafi, a nan ake raba gidan sauro, littafi mai shafi goma sha shida zai iya bin wannan hanyar. Dandalin African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya suna da labarai cikin Hausa waɗanda lasisinsu ya yarda kowa ya buga ya raba.

Shirye-shiryen koyon karatu da aka yi a Arewa, irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara, sun tabbatar da cewa ana iya samar da littattafan yara na Hausa da yawa. Sai dai na aji ne, an auna kalmominsu don koyar da baƙi da wasali, aikin rana ke nan. Littafin dare wata sana'a ce daban, kuma rabinta a hannun mai zane take. Masu zane muna da su, suna yin bangon littattafan hikaya da fastocin finafinai da zanen barkwanci, abin da ba su samu ba shi ne mawallafin da zai biya su su zauna wata uku a kan shafuka ashirin da huɗu, su koyi yadda ake zana duhun da ana iya ganin abin da ke cikinsa. Wannan yana buƙatar takarda mai kauri da tawada mai kyau, don baƙi a kan takarda mai arha dusashewa yake ya zama toka. Kamfanonin ɗab'i na Zariya da Kano, da ƙungiyoyin marubuta, da sassan Hausa na jami'o'i da ke da ɗaruruwan tatsuniyoyi a kundayen ɗalibai, su ne ya kamata su haɗa marubuci da mai zane tun daga shafin farko, su kuma kai samfurin gidaje a karanta wa yara bayan isha'i kafin a kai shi injin bugawa.